Koyo a Idon Inna

Kowace safiya, da rana ta ɗago ta haska tsakar gida, Inna takan ɗora kanta a cinyata in cire mata gashin ido. Amodari ne ya daɗe yana cin ta, har fatar idanunta ta naɗe ciki, gashin ya koma yana gogar ƙwayar ido duk ƙiftawar da ta yi. Ina da wata ƴar matsefata da maƙerin garinmu ya yi mini. In kama gashi ɗaya in fizge, ta matse mini gwiwa, hawaye ya gangara cikin kunnenta, in kama na biyu. Bayan kwana huɗu sun sake tsirowa, gajeru, sun fi na da kaifi.

Sunana Kubra. Aurena cikin gari yake, gida uku tsakanina da gidanmu, shi ya sa aikin ya faɗo kaina shekara huɗu cur. Inna kuwa, Hure, da idonta take ci. Faifai take saƙawa, masu zanen ja da baƙi, waɗanda ko a kasuwar Kore Mairuwa aka baje su sai an ce na Hure ne. Ranar da aka cire gashin ta yi saƙa, ranar da ya tsiro ta zauna a inuwa da gefen zane a fuska.

A shekarar da nake ba ku labari, saura shekara uku Nasara su tafi, Baba Illo ya biyo ta gidanmu ana gab da girbi. Ƙanin Babanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha bakwai yana bin lokotoro, likitan Nasara mai yawo gari gari yana aikin ido. Ba shi da takarda ko ɗaya, sunansa ma da yatsa yake dangwalawa. Amma daga Sukukutane har Tibiri, in fatar idon mutum ta naɗe, ba a cewa a kai shi gidan likita, cewa ake a kai ma Illo.

Ya shigo yana dariya, don akwai wasa tsakaninsa da matar wansa.

“Matata, ƙaƙa idon? Kin ƙi ni kin auri tsoho, ga shi kina ta kuka.”

“Tahi can, mai warin magani,” in ji Inna.

Ya wanke hannu, ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya juya fatar idon kamar mai buɗe ɓawon gyaɗa. Ya ce ta dubi ƙasa, ya ce ta rufe, ya ce ta buɗe. Ya tambaye ta inda ke sukar ta, ta kwashe komai ta gaya masa, har da wanda ni ban taɓa ji ba.

“Na dama ya kai a yi mishi aiki,” in ji shi. “Na hagu shina da saura, amma kada a bar shi shi ga damina. In anka gama girbi motarmu za ta tsaya kasuwar Kore Mairuwa kwana ukku. Ki taho da sahe, kamin hurar da kinka dama ta yi tsami kin dawo gida.”

Baba yana kan tabarma yana tufkar igiya, bai ɗaga kai ba. Sai da ƙanin nasa ya fita ya tofar da yawu ya ce, “Kamar shi ya halicci ido.”

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekarar da kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya na ɗaukar kaya, sunan Babanmu Ɗanjuma aka kira, ya tura ƙaninsa a madadinsa. Akwatin lokotoro aka ɗora wa Baba Illo a ka, daga nan ya koma wanke kayan aiki, daga nan aka ba shi wuƙa. Baba bai taɓa yafe masa wannan sa'ar ba. In mutane sun tare shi a hanya suna cewa, “Kai ne wan Illo?” sai ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Na san hassada in na gan ta, domin ni ma ina da tawa. Yayana Mahmuda aka kai lakwal, wato makarantar boko, aka saya masa takalmi, ni aka bar ni da turmi da matsefata.

Sati biyu bayan zuwan Baba Illo, Yaya Mahmuda ya dawo daga karatun likita da farar riga da akwatin ƙarfe da takarda mai hatimi. An ba shi wani ɗan ɗakin magani a gari na gaba da namu, ya biyo gida kafin ya kama aiki. Baba ya yanka rago, ya yi ta zagaya unguwa da takardar nan a hannu. Washegari ina kai musu ruwa zaure na ji yadda aka ƙulla abin.

“An koya muku aikin ido?”

“An koya muna, Baba.”

“To, ka yi ma uwarka.”

Yaya ya ce, “Baba, cikin littahi na karanta shi. Sau biyu na ga an yi, ina tsaye bayan mutum goma. Hannuna bai taɓa yi ba. A bari Baba Illo shi zo, wata guda na ya rage.”

“Illo!” Baba ya buga tafi a cinya. “Shekara goma sha huɗu ina noma ni ɗai kana zaune bisa benci, don ka dawo ka ce mini Illo? Shi wace lakwal ya yi? In uwarka ta bar ka cikin gida da takarda ta tahi wurin ɗan dako, wa za shi kawo maka ko ƙaya ka cire mishi?”

Maganar ta ƙarshe ita ta kama Yaya. Ranar da ya sauka daga mota, da farar rigarsa da komai, abin da ƴan kasuwa suka ce shi ne, “A'a, ɗan wan Illo ya dawo.” Na ga yadda ya haɗiye ta ranar, yau kuma na ga ta dawo masa. Ya ce, “To, Baba.”

Yanzu sai ku san wani abu game da Inna da Yaya. Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kuma tun da aka raɗa masa suna Inna ba ta taɓa faɗarsa ba. “Wancan” take cewa, ko “yaron ga.” In ya shigo tsakar gida sai ta juya baya ta nemi abin yi. In ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Haka ake yi, kuma Inna ta fi kowa riƙe wannan kunyar, har mata suna yaba ta a kai.

Da Baba ya gaya mata, abin da ta iya cewa kawai, “Maigida, Illo ya ce in jira shi.”

“Ɗanki kike rainawa?”

Matar da ba ta iya faɗar sunan ɗa, ta ina za ta buɗe baki ta ce hannunsa bai ƙware ba? Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yadda kunka gani.”

Ranar Alhamis da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Baba ya tara maƙwabta a zaure tun da wuri, wai su shaida. Yaya ya tafasa kayan aikinsa a tukunyar miya, ya buɗe littafi ya danne shafin da dutse. Ni na riƙe kan Inna. Ya yi mata allura a fatar idon dama, ya ɗauki wuƙar, sai na ga ya rasa ta inda zai fara.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku tsane ni. Daɗi na ji. Na ce a raina, ga ɗan lakwal nan, ga mai takalmi, yau sai a gani. Ban yi tunanin idon wa ke ƙarƙashin wuƙar ba.

Ya yanka, jini ya rufe wurin, ya goge, ya leƙa littafi, ya yi ta magana da Faransanci shi kaɗai. Bai tabbata yankan farko ya kai inda ake so ba, sai ya ƙara. Da ya zo ɗinki ya ja zaren da ƙarfi, don yana tsoron kada gashin ya sake komawa ciki a yi masa dariya. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan zanen Inna. Ita ko motsi ba ta yi ba. Aikin da Baba Illo ya ce kafin fura ta yi tsami, sai da aka kira azahar aka gama shi.

Baba ya leƙo ya ce, “An gama?” Bai jira ya ga fuskar matarsa ba, ya koma zaure. Muna jin muryarsa har tsakar gida: “Da hannunai ya yi, ba wanda ya kama mishi!”

Washegari da safe ina ba ta kunu ta riƙe hannuna ta ce, “Kubra, kamar an zuba mini barkono an hana ni ƙihtawa.” Ba a daɗe ba Yaya ya shigo ya kwance ƙyallen. Fatar idon ta kumbura ta ɗage sama, tsakiyarta ta yi gibi. Ya tsaya daga gefe, shi ma yana jin nauyinta, ya ce, “Inna, shina ciwo?”

Ta juya fuska wajen bango ta ce da ni, “Ce mishi lahiya lau.”

Na dube shi na ce, “Ta ce lahiya lau.”

Na san abin da ta gaya mini kafin ya shigo. Kalma huɗu ko biyar ne, da na ƙara su da labarin ya sauya. Amma an ba ni saƙo na isar da shi yadda aka ba ni, kuma can cikin raina ina cewa, ba kai ne mai takarda ba, gano da kanka. Ya yi ajiyar zuciya, ya shafa magani, ya mayar da ƙyalle. Kashegari ya tafi ya kama aiki.

Idon bai sake rufuwa ba. Ko barcin rana take yi sai ka ga farin a buɗe, ƙuda suna sauka, in zauna ina kore su da faifai. Kwana takwas Yaya ya dawo cire zare, ya tarar da wani ɗigon fari a tsakiyar baƙin. Ya daɗe yana kallo, ya ce kumburi ne, zai sauka. Bai sauka ba. Ɗigon ya yi ta faɗi, sati uku hakiya ta rufe idon gaba ɗaya.

Na sami Baba na ce, “Baba, idon Inna ya mutu.”

“Aiki ya yi kyau,” in ji shi. “Gashin ya sake sukar ta? Bai sake ba. Wanga iska na. Na hana ta bi ta gindin tsamiya ba ta ji.”

Ya sa aka kawo turare aka yi mata hayaƙi kwana uku saboda doguwa, hayaƙin yana shiga idon da ba ya rufuwa. A waje kuwa duk wanda ya tambaya, cewa yake tana samun sauƙi, likita ya ce kada ta fita rana. Ya hana mata shiga dubiya. Inna ta koma saƙa da ido ɗaya, tana karkata kai kamar kaza.

Aka gama girbi, motar masu aikin ido ta tsaya a Kore Mairuwa. Maƙwabciyarmu A'i, tsohuwa ce da jikokinta ke ja da sanda, aka ɗora ta a jaki aka kai ta ranar farko. Kafin la'asar ta dawo da ƙyalle a fuska tana ba da labari ta kan danga, wai ba ta gama salati ba Illo ya ce tashi an gama. Inna tana ɗaki tana ji. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na ji haushin A'i, na ji haushin jakin da ya kai ta, ita da ba danginsa ba ce ta samu, matar wansa tana ƙunshe a ɗaki.

Rana ta biyu da yamma Baba Illo ya zo da kansa, don bai ga Inna ba. Baba ya tare shi a bakin zaure, bai ce ya shigo ba.

“Yaya, ina matata? Gobe muke tashi.”

“Ta tahi Ɗan Kassari, wurin danginta, an yi musu haihuwa.”

“Da idon nan? Na ji an ce yaronmu ya taɓa na dama.”

“Ya taɓa, ya warke sarai. Kai ɗai ka iya?”

Ina tsakar gida ina daka, ina hango su ina hango ƙofar ɗakin Inna. Da ta ji muryar Baba Illo ta miƙe, ta zo har bakin ƙofa, ta kama asabari. Taku goma ne tsakaninta da shi. Ta tsaya, ta tsaya, sannan na ga hannun ya saki asabarin ya koma ciki. Ta san in Illo ya ga idon nan, lokotoro zai ji, in lokotoro ya ji, farar rigar ɗanta ta tafi.

Baba Illo ya leƙo ta kan kafaɗar wansa ya ce, “Kubra, gaskiya na?”

Baba ya juyo ya kafa mini ido. Na ce, “I, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “To, in ta dawo a kawo mini ita Dogon Dutsi. Na hagun nan kada shi ga damina, na hwaɗa muku.”

Ba a kai ta ba. Da na tuna wa Baba sai ya ce jakin ya yi rauni. Da jaki ya warke sai ya ce Mahmuda zai yi na hagun in ya samu sarari. Yaya kuwa ya daina zuwa gida, sai dai ya aiko da sukari da sabulu. A'i ta warke, ta yar da sanda, ranar nan ta shigo aron allura ta zura zare a gabanmu. Bayan ta fita Inna ta ce, “Tana gani sosai?” Na ce tana gani. Sai ta ce, “Nata hwa sun hi nawa lalacewa.” Ban taɓa jin Inna ta yi ƙyashin kowa ba sai ranar.

Ruwa ya sauka, muka tashi da mijina zuwa tungar gonarsu, tafiyar rabin yini. Na bar wa Baba matsefata na nuna masa yadda ake yi, ya ce shi ba ya aikin mata. Sai ranar kasuwa nake samun zuwa, in tarar gashin ya yi sati yana gogar ido ɗayan da ya rage mata, ga ƙudan damina, ga kwantsa ta liƙe shi. In cire, in wanke, in koma. Wani zuwan na ga faifan da take saƙawa, ja ya hau kan baƙi, zanen ya watse, ba ta sani ba. Na ce ya yi kyau. Zuwa na gaba ta daina saƙar. Na gaba da shi na yi sallama na tsaya a gabanta da rana tsaka, ta ɗaga kai tana kallon gefena ta ce, “Wa ke nan?”

Ban nemi izinin kowa ba. Da sassafe na bi ayarin masu jakai zuwa Dogon Dutsi, na isa ƙafafuna sun kumbura. Na sami Baba Illo yana wanke kayan aiki na gaya masa komai, har da “lahiya lau” ɗin da na isar, har da ƙaryar Ɗan Kassari. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kawai, “Taku nawa tsakanina da ita ran nan?” Na ce goma.

Kwana biyu muka iso gida, ya biya ya ɗauko Yaya Mahmuda daga ɗakin maganinsa. Wannan karon bai tsaya a zaure ba. Ya wuce Baba ya shiga, ya durƙusa gaban Inna, bai kira ta matata ba. Ya ce, “Hure, ni na.”

“Mai warin magani,” in ji ta. “Ka makara.”

Ya duba na dama ya kira Yaya. “Zo ka gani. Yankan bai kashe idon ga ba, ɗinkin na. Da rana ta biyu ka kwance zaren tsakiya ka sassauta, da ya ruhe.”

“Na tambaye ta, Baba. Ta ce lahiya lau.”

“Uwarka za ta ce maka shina ciwo? Ko baƙuwa ta, ba a tsayawa ga baki. Cewa za ka yi ta ruhe ido ka duba ko ya ruhu. Shi ke nan hwa.”

“Ba a rubuta ba cikin littahi.”

“Ba za a rubuta ba. Ni ma ba da saninai anka haihe ni ba. Shekara biyu ina riƙon tasa kamin a ba ni wuƙa. Ido ɗari na hwarko lokotoro na tsaye bisa kaina, in na ja zare da ƙarhi shi buge mini hannu. Duk da haka akwai mutum ukku da har yau ba ni iya bi ta ƙohwar gidansu. Kai wa ya tsaya bisa kanka?”

Baba yana tsaye a bayansu da igiyarsa a hannu.

Baba Illo ya juya kan na hagu. Ya buɗe shi a hankali, ya kaɗa hannu a gabansa, ya juya fuskarta wajen rana ya tare da tafinsa ya janye. Ta ce tana jin haske ya zo ya tafi, shi ke nan. Ya zauna daɓas a ƙasa.

“Da lokacin da munka zo kasuwa na, da yanzu tana saƙa. Gashi ya cinye baƙin. Ba abin da za ni iya.”

Sai Baba ya matso. “Mi ka ce?”

“Na ce ba ni iyawa.”

“Wato kai ma ka kasa?”

Ina kallon fuskar Baba lokacin da ya faɗi haka, kuma na rantse da Allah sakewa ta yi. Shekara da shekaru ban ga goshinsa ya kwanta haka ba. Matarsa ta shekara ashirin da bakwai tana zaune a gabansa an ce ba za ta sake gani ba, shi abin da ya ji kawai Illo ya kasa.

“Na kasa, Yaya,” in ji Baba Illo. “Sai ka ci tuwo yau.”

Duk da haka ya ce zai yi wa na hagun aiki, don makahon ido ma yana jin suka. Ya miƙa wa Yaya tasa ya ce, “Cire rigar nan, riƙe, ka sa ido.” Yanka ɗaya ya yi. Ya ɗinka zare uku, kowanne sai ya ce ta rufe ya duba kafin ya ƙulle. Ruwan da na ɗora a wuta bai tafasa ba ya wanke hannu. Hawaye na zuba daga idon Yaya cikin tasar, bai sake ta ba.

Yau duk wanda ya zo gaishe da Inna yana ganin hannu biyu a fuska ɗaya. Na hagu fatar ta kwanta lafiya, gashi ya dubi waje, sai ka matso za ka ga tabo. Na dama a buɗe yake da gibinsa. Abin da Baba ya ƙunshe ta a ɗaki don kada a gani, yanzu ba mai buƙatar a gaya masa. Yaya ya nemi a mayar da shi ƙarƙashin Baba Illo, yana can yana riƙon tasa. Baba har gobe cewa yake iska ce, kuma ko Illo da ake ta zuzutawa ya zo ya duba ya kasa. Ni ba na jayayya da shi, don in aka tashi rabon laifi ina da nawa kaso.

Matsefata ta daina aiki, amma Inna ba ta bar ɗora kai a cinyata da safe ba, sai in tsefe mata kai. Wata rana na kasa haƙuri na ce, “Inna, don mi kinka yarda? Kin san bai iya ba.”

Ta ce, “Shekara ashirin da biyar ban taɓa duban huskar yaron ga ba. Ƙeyatai na sani, da tahiyatai. Ran nan ya sunkuyo bisa kaina tun hantsi har azahar, ba inda za ni kau da kai. Na dube shi da na hagu har na ƙoshi.” Ta ɗaga yatsa ta taɓa haɓarta. “Shina da tabo nan. Yaushe ya ji shi?”

“Tun shina lakwal, Inna. Ya hwaɗi bisa dutse.”

“Ayya,” in ji ta. “Ba wanda ya gaya mini.”

Shekara huɗu fuskata tana saman tata kowace safiya. Ni ma ina da tabo, a gira, wanda taɓarya ta yi mini ina daka mata hatsi. Na jira ko za ta ambace shi. Ta gyara kwanciya ta ce in ci gaba da tsifa, rana tana yi.